Kwamfutar da Ba Ta da Zaure

Shekaru sun ja, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Mai yiwuwa na sa wa wani maganar da wani ya faɗa, ko na gwama wata da wata. Haushin dai ina da tabbaci a kansa, don har yau bai huce ba.

Lokacin da aka buɗe siyasar jam'iyyu ne, ina gama jami'a a Yamai, na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Tawa mai kula da haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Adar. Kwamfuta biyu gare mu. Babbar irin wadda ke kowane biro ce a zamanin, a kanta ake dukan aiki. Ƙaramar kuwa wani Bature ne ya bar ta, tsarinta daban, ba mai kunna ta. Madam sakatariya, wata Kirista mutuniyar kudu mai yawan ba'a, a kanta take ɗora kofin shayi.

A cikin babbar nake haɗa rahoton da muka ci rani guda muna tattarawa: zurfin ruwa, yawan garke, da wuraren da ya kamata a haƙa a Kalfu da Bambeye da Takanamat. In bai isa Yamai kafin damina ba, babu rijiya a shekarar.

To, siyasa ta zo da son takarda. Kowace jam'iyya da kowace ƙungiya na son bugaggiyar sanarwa, kwamfuta kuwa ba ta da yawa a garin. Sai mutane suka riƙa zuwa mana da disket, wato ɗan faifan nan da ake ajiye rubutu, cikin aljihun babbar riga. Ni kuwa a jami'a na ga aikin birus, wani mugun shiri da ke laɓewa a disket, ya shiga na'ura ya cinye abin da ke cikinta. Na sami shef, wato shugaban biron, wani dattijo mai kirki da muke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, na ce masa:

"Mushe, ko gida da zaure ake gina shi, baƙo ya yi sallama ya tsaya can. Mu mai da ƙaramar nan zaure. Tana karanta disket ɗinsu, kuma iyakar sanina cutar da aka ƙera don babbar ba ta kama ta."

"Wato mutum ya tako wurina, in zaunar da shi gaban abin da Madam ke ɗora shayi bisa? Ɗana, ka yi karatu, amma ba ka san baƙo ba."

Daga ranar Madam ta laƙaba mini "likitan disket". In na shigo sai ta ce, "Likita, na yi atishawa kusa da ita, a kawo allura?"

Ba zan ce ba su ji gargaɗina ba sam. Sun ji, amma ta hanyarsu. Tun da an ce cuta, sai shef ya riƙa duba mai disket, ba disket ba. Wanda ya zo da zufa da yagaggen takalmi a ce masa na'ura na hutawa. Mai shadda da turare kuwa bismilla. Na yi bayani har bakina ya gaji.

Ana nan sai ga wani Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, shugaban jam'iyya a unguwarsu, kuma uban matar shef. Shef ya durƙusa ya gaishe shi, ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Alhaji ya kwance wani hankici mai ƙamshi, ya fito da disket.

Na matsa na raɗa wa shef, "Mushe, don Allah ƙaramar."

"Kai, Alhaji ne hwa! Mutumin da ya je Makka, wace cuta za ta zauna jikin kayanshi?"

"Mi yaron ga ke cewa?" in ji Alhaji.

"Barka da zuwa yake yi maka, Baba."

"Kar ka damu, ɗana, sabo ne ful, daga Kano na sayo shi. Biro uku kaɗai aka sa shi cikin garin ga."

Aka sa disket a babbar. Ana cikin bugawa kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, allon ya yi baƙi. Alhaji ya ce zai aiko a karɓa masa, ya miƙe. Na nufi na'urar in zare disket ɗin, shef ya daka mini harara: baƙo na fita kana juya masa baya? Dole na bi su rakiya, kuma rakiyar suruki ba a bakin ƙofa take ƙarewa ba. Muna can bakin titi ana gaisuwar iyali wuta ta dawo, Madam ta kunna na'ura da disket a ciki. Ban ga laifinta ba. Amma irin wannan cuta, in ban manta ba, daidai lokacin tashin na'ura take shiga.

Kwanaki kaɗan ba a ga komai ba, har Madam ta soma tambayata ina majinyacin. Sannan wata safiya rahoton ya buɗe da wasu alamu kamar sawun kaji, daga baya na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Disket ɗin da nake ajiye kwafi ma cutar ta harbe su. Abin da ya tsira shi ne wani tsohon kwafi da na taɓa sawa a ƙaramar. Akwai Kalfu da Bambeye a ciki, babu Takanamat, don lokacin ban shigar da ita ba. Takardun daji kuwa rabinsu na hannun masu awo da suka watse. Haka muka aika. Takanamat ba ta samu rijiya a shekarar ba, makiyaya suka ci gaba da layi a kan tsohuwar.

Shef ya ce laifin kuran ne. Sunan Alhaji bai taɓa fitowa ba. Bayan mako ya tara mu ya ce ya yi wani tunani: daga yau manyan baƙi za a keɓe musu na'urar Turawa ta musamman. Aka kawar da kofin Madam, aka shimfiɗa wa ƙaramar kyalle mai ado. Alhaji ya dawo, ya zauna gabanta, ya yaba ƙwarai.

Ba na cewa ƙaramar ta fi ƙarfin cuta. Ina jin dai masu ƙera ɓarna sun fi bin wadda kowa ke da ita, kamar yadda ɓarawon aljihu ke bin kasuwa mai cika. Daga baya, da aka soma haɗa na'urori da layin tarho, na ji an ƙirƙiro wata katanga mai tsare ƙofa, tana duba duk abin da zai shigo ba ta kallon rigar mai shi. Na ce ashe zaure ne.

Madam, in kina raye, da duk wanda ya zauna biron nan ko ya yi rakiyar nan tare da mu: inda na karkace a aiko mini in gyara. Musamman ina son sanin ko Takanamat ta samu rijiyar a shekarar da ta biyo, don ni an canza mini wurin aiki kafin nan.