Wayar Birkin da Na Ƙulla da Hannuna

Ƙaras-ƙaras na riƙa ji ta bayan katanga, kamar ana kankare tukunya. Amma wace tukunya ce ake kankarewa tun hantsi har la'asar? A lokacin ina zaman aurena a nan Illela. Na gama sakandare, ina ƙulla yaji ina sayarwa a gida, ban taɓa cin haƙƙin kowa da sanina ba.

Na leƙa. Maƙwabciyata Inno ce zaune da soson ƙarfe, tana goge tsofaffin wayoyin birkin keke cikin kananzir.

"Yaya Inno, mi a wanga?"

"Aiki na, 'yar boko. Alhaji ka aikowa, mu wanke, mu sa leda. Zamna mana, ba ya cizo."

Alhajin wai ɗan kasuwa ne mai kai kayan keke ƙetaren iyaka. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, buhu kawai ake ajiyewa a zaure. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ledojin sababbi fil, da rubutun ƙasar waje, ni kuma na iya karatu: an rubuta sabuwa ce daga masana'anta. Na tambayi Inno don me Alhajin bai buɗe shago ya ɗauki maza ba. Ta yi dariya ta ce, "Shago ana shiga bincike. Gidan matan aure wa ka shiga?"

Wannan amsa ta isa ta kore ni. Ban tashi ba, na ɗauki soso.

Da farko ina ware wayoyin da silinsu ya fara tsinkewa. Aka aiko cewa Alhaji ba ya son ragowa. Na daina warewa, na koyi lanƙwashe tsinkakken sili ya ɓuya, in shafe da mai, in naɗe wayar in ɗaure da zare. Daga baya ni ke raba wa matan unguwa aikin. Kananzir ya ɗaye musu hannu, na ce su shafa man kaɗe su ƙara sauri. Ina sallah kan lokaci, amma ko almajirar islamiyya ta yi sallama sai na tura buhu ƙarƙashin gado. Kowa na zarga, ban da kaina.

Wani manomin albasa daga Amarawa ya sa sabuwar waya ranar kasuwa, ya goyo 'yarsa a bayan keke. A mararraba ya kama birki gaban babbar mota, wayar ta tsinke. Shi ya tsira da ƙujewa. Yarinyar aka yanke mata ƙafa.

Mai gyaran keken da ya sayar masa da wayar ya buɗe sauran ledojin gaban 'yan sanda. Kowace waya an naɗe ta an ɗaure da jan zare, ƙulli biyu da kunne ɗaya. Matar mai gyaran na sayen yajina, tana gani ta gane ƙullin. Haka nake ƙulle ledar yaji tun ina amarya, hannuna bai san wani ƙulli ba.

Alhaji ya tsallaka iyaka. Inno ta rantse tukwane take wankewa. Alƙali ya tambaye ni sunan mai kayan, na buɗe baki na tarar ban sani ba. Aka kai ni gidan yari a Sakkwato.

Da na fito na je Amarawa neman gafara. Uban yarinyar ya ce ya yafe nasa, nata kuwa sai ta girma ta faɗa da bakinta. Ina jira, ina istigfari.

'Yan uwana mata, da ku 'yan mata masu tasowa, duk aikin da aka kawo muku cikin gida, ku tambayi na wa ne, kuma wa zai yi amfani da shi. In zuciyarku ta yi zargi, ku tashi tun buhu yana zaure.

Kwanan baya birkin keken ƙaramin ɗana Bello ya saki. Na durƙusa na ce ya kawo in ɗaure masa, tunda na iya. Ya janye keken a hankali ya mayar bayansa.

"A'a Inna, bari Baba shi kai wa mai gyara. Ƙanwata nika goyo."