Katangar da Ba Mu Gina Ba a Gummi

Mun tashi da asuba daga Anka, sai dai tashin na baki ne, don direba ya ce ba zai taka hanya ba sai rana ta fito, motoci sun taru. Kowa ya san dalili, ba wanda ya ja da shi. Ni da wani abokina magini ne muka nufi Gummi wurin ƙanwar mahaifiyata. Ita ta goye ni, shi ya sa har yau Inna nake ce mata. Daminar bara ruwa ya ci mata ɗaki, tun lokacin tana raɓe a gidan maƙwabta. Na ƙudurta kafin ruwan bana ya sauka zan maida mata ɗakin da bulo, in kuma ja ƙatuwar katanga tsakaninta da rafin da ya ratsa unguwarsu. Har zane na yi a bayan wata takarda, ina ta nuna wa mutane sai ka ce injiniya.

Hanya dai inda take da kyau tana da kyau, inda ta lalace kuwa hanjinka ne zai fara gaya maka. Mu huɗu a kujerar mutum uku, ga zakaran wani bawan Allah a kan ƙafata. A yankin Bukkuyum muka ɗan tsaya. Masu haƙar zinari na ta wucewa a kan babura, jikinsu duk jar ƙasa, mu kuma muka tsuguna gaban wata Bafulatana mai fura da nono. Kuɗin ya yi ƙiba, ludayin ya rame, amma nonon ba a yi masa ha'inci ba. Abokina ya sha nasa ya taya ni nawa.

Kafin azahar muka shiga Gummi. Inna ta tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, ta zauna tana kallona har na suɗe kwano. Da na ga ciki ya ɗauka, sai na zaro takardata na shiga bayani: nan ɗaki, nan katanga, tsayinta ya fi mutum. Ta bari na gama tsaf.

"To ɗana, in kat tare ruwan ga, ina za shi?"

Na ce ai wucewa zai yi.

"Shi wuce gidan wa?" Ta nuna maƙwabciyarta da ke tankaɗe a gefe. "Wagga ita tag goyo ni ga baya ranar da ɗakina yah hwaɗi. Ita za ka aika ma shi? Katanga dai ba da ni ba. Ka maishe min ɗakina inda yake, maigidana Malam yag gina shi nan. In ruwa ya zo, Allah na nan."

Gaskiya raina ya ɓaci. Ta ƙi katanga, ta kuma ƙi barin bakin rafi, ga damina saura 'yan makonni. Don ta ƙarasa kashe mini baki, sai ta ja mu har da mai unguwa zuwa wata tsohuwar tsamiya da ke bakin rafin, wanda a lokacin ba komai cikinsa sai yashi da awaki. Jikin tsamiyar duk sara ne, wani sama da wani. Da na ɗauka ɓarnar masu neman sassaƙe ce. Ashe duk shekarar da ruwa ya yi ambaliya, in ya janye, dattawan unguwa kan zo su sari itacen daidai inda laka ta tsaya. Na ƙasa-ƙasan marigayi Malam, mijin Inna, ya sare su da hannunsa. Na bara shi ne can sama, bai gama warkewa ba.

Mai unguwa ya ce da wannan saran suke aiki yanzu. Sun auna shi da ido, sun kafa turaku a kan gangare, suka yi yarjejeniya cewa ƙasa da turakun ba a ƙara gina ɗakin kwana. A yi lambu, a ɗaure dabbobi da rani, matasa su buga ƙwallo, in ruwa ya zo ya tarar da wurin shimfiɗa ƙafa. Kafin damina ana gayya a kwashe leda da shara daga cikin rafin. Suna kuma da 'yan'uwa makiyaya can sama, da sun ga ruwa ya taso sai su bugo waya, ladan ya sanar a lasifika, kowa ya haura da awakinsa.

Abokina bai yarda da awon ido ba. Ya ciro tiyon da yake daidaita gini da shi, ya cika shi da ruwa, muka ɗauko tsayin saran bara muna hawa gangare da shi kaɗan-kaɗan. A kangon Inna awon ya faɗa sama da inda taga take. Inda ya taɓa ƙasa kuwa, tsakaninsa da turken dattawa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya naɗe tiyonsa, mai unguwa na ta murmushi.

Inna ta ce, "Ka gani? Wace katanga ka tare wanga?"

Na ce na gani. Sai na roƙe ta ta zo ta jingina da tsamiyar. Ta zo tana dariya, tana cewa zan maida ta yarinya. Saran Malam na farko ya tsaya mata a gwiwa, wani a ƙugu. Na kama hannunta na ɗaga shi har yatsunta suka taɓa na bara, can sama da ɗankwalinta. Dariyar ta tsaya. Ni ma idona ya kawo ruwa, don sai lokacin na gane da ƙyar aka bar mini ita. Ta daɗe tana shafa saran mijinta, sannan ta ce, "Malam bai ga wanga ba. A kai ni tudu. Amma kangon nawa na, albasa za ni sa ma shi."

Washegari muka buga harsashi a wani fili na ɗan cikinta, sama da turaku, aka juya ƙofar ta kalli tsamiya don haka ta ce. Na baro abokina yana aiki, na kamo hanya da kyautar kifi da ta cika motar da ƙamshi, har fasinjoji na tambayar na wane ne.

Na iso Anka da la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne ruwan da ka tare bai ɓace ba, maƙwabcinka ka tura wa. Ban ko shiga ɗaki ba na zagaya bayan gida, inda shekara biyu da suka wuce na matse lambatu na ƙara faɗin madafa, ina kuma mamakin yadda zauren maƙwabcina ke cika da ruwa duk damina. Na je na yi masa sallama, na ce ya ara mini diga.