Goɗiyar Baba Haruna Mai Zane a Baya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Haruna, amma har yau in na ji ƙarar kofato a titin Faisal da ke Giza sai na waiwaya.

Bahaushen Sudan ne, mai kula da dawakin da ke ɗaukar baƙi a gindin dalar Giza, wato manyan kaburburan fir'aunoni. Ni kuwa ɗalibi ne daga Zariya, Hausa ce ta haɗa mu a cikin ƙaramar bas. Wani baƙo ya taɓa ba shi labarin dawakin daji na Amurka, waɗanda kakanninsu suka tsallaka teku daga Sifaniya suka ɓalle. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya ce gajeru ne, kofatonsu ba ya buƙatar ƙarfe, suna jure ƙishi, kuma tsohuwar goɗiya ce ke jan garke zuwa ruwa. Wasunsu da baƙin zane daga wuya har wutsiya.

To, goɗiyarsa Kyauta tana da wannan zanen, shi ke nan ya yanke hukunci jininsu ce. Kowace Juma'a da hantsi yakan kai ta rairayin bayan dala, ya cire mata linzami, ya ja da baya ya zauna kan wani dutse yana jira ta ruga. Ita kuwa sai ta shinshina iska, ta juyo ta bi shi gida. Nakan yi masa dariya.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," yakan ce, "ba ta tuna ba ne tukuna."

Kafin ya cika ya roƙe ni in ci gaba da yi mata haka, na kuwa ci gaba, duk da na sani burinsa ne kawai. Yau motoci sun fara ƙwace wa dawaki aikin baƙi, ban san me zai ce ba. Wataƙila murna zai yi, ya ce an sallame su.

Bana Kyauta ta tsufa, mai bargar da take ciki ya ce da wuya ta kai baɗi. Ran Juma'a na kai ta rairayin, na cire mata linzami, ina so ko sau ɗaya ta gaskata Baba Haruna. Ta daɗe tana kallon sahara. Sannan ta taka a hankali, ta wuce hanyar gida, ta nufi dutsen da Baba Haruna yakan zauna yana jiranta. Can ta tsaya, ta sunkuyar da kai.

Ina kewarsa ƙwarai. Na rataya linzamin a kafaɗa na bi sawunta.