Ranar da Uwar Ƙwarya ta Ɓace Mini a Gidan Suna

Ku matso kusa, masu karatun wannan mujalla, ku ji abin da ya same ni, don maƙwabtana sun gaji da jin labarin nan, ni kuwa ban gaji da ba da shi ba. Ni mace ce ƴar Dakoro, mai son zaman ɗaki. In ba suna ko biki ya fitar da ni ba, ƙofar gida ma ban cika leƙa ta ba. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, na dai san haruffa, ina haɗa su a hankali. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Tun ina budurwa nake kiɗan ƙwarya a gidajen mata, ni da ƙawata wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ni ke riƙe da uwa, wato babbar ƙwaryar da ake kifewa bisa ruwa, ita tana bi na da ƙananan. Sai ciwo ya kama mini wuyan hannu. Yatsuna na motsi lafiya, amma in na riƙe sanda na buga sai in ji kamar an soka mini allura har kafaɗa. Likita ya ce in bar duka. Na bari. Ana kiɗa a unguwa ina ɗaki ina jin inda suke kuskure, ba ni da yadda zan yi.

Ina da ƙanwa da ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, can take aiki. Da ta zo hutu ta tarar da ni haka, sai ta ce tun da yatsu na aiki kiɗa bai ƙare ba. Za ta rubuta wa ordinatar wani tsari, ta zuba muryar ƙwarya a ciki, kowane maɓalli na taɓa ya ba da sauti ɗaya. Na yi mata dariya, ta ce in yi ta yi. Muka kira ƙawata ta buga kowace ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, ƙanwata tana ɗauka da waya, mun toshe taga da katifa saboda akuyar gidanmu ba ta san a yi shiru ba. Aka ɗauki tafi, aka ɗauki guɗar ƙawata ma, wadda duk unguwa an san ta da ita.

Wajen raba sautin ga maɓallai ne muka yi ta ja. Ita ta jera su daga mai kauri zuwa mai siriri, daga hagu zuwa dama, wai haka masu irin wannan aiki suke yi. Na gwada, hannuna ya ƙi. Na ce mata ni uwa a damana take zama tun da nake, ƙananan a gabana, tafi a hagu. Ta ce to, Yaya, ke za ki buga, ba ni ba. Ta mayar da uwa ƙarshen layin tsakiya ta dama, inda harafin M yake, tafi a farkon layin ta hagu, inda Q yake, guɗa kuma a samansa kan A, don ita ba kullum ake taɓa ta ba. Daga nan ta yi mini wata tambaya: in ɗaure kowane sauti ga harafinsa, ko ga gurbin da maɓallin yake zaune? Wallahi ban gane bambancin ba. A idona harafi da gurbinsa abu ɗaya ne. Amma kunya ta hana ni cewa ban gane ba, ga ƙawata zaune, sai na ɗaga kai na ce ga harafi mana, ai na san haruffa. Ta ce hakan ma ya fi mata sauƙi. Ta bar mini tsohuwar ordinatar ɗinta, ta kuma zuba tsarin a ɗan kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa ordinatar, ta ce in ajiye saboda tsaro, ta koma Maradi.

Na zauna a kansa har yatsuna suka san hanya, ban ƙara duban haruffan ba. Ana nan ɗiyar ƙawata ta zo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya. Dangin miji daga Kornaka suka aiko cewa sun ji hannuna ya mutu, za su zo da makaɗansu. Ƙawata ta mayar musu da amsa cewa a gidanta ba wadda za ta yi kiɗan jikanta sai ni, su zo da ƙafafun rawa kawai. Ta yi wannan magana gaban mutane, ta jingina mutuncinta a kaina.

Ranar suna da hantsi na kai kayana gidanta, na aje bisa tabarma. Cikin hayaniyar rabon abinci wata baƙuwa ta yi tuntuɓe, kwanon kunu ya kife kan ordinatar. Muka goge, muka shanya, ta ƙi tashi. Na kira ƙanwata, wayarta a kashe, tana wurin aiki. Sai matar wani ɗan kasuwar hatsi da ke bayanmu ta ce mijinta yana da ordinatar da ya sayo a Katsina, kuma ta iya kunna ta. Ta ɗauko, ta sa kile, ta haɗa da baful, wato lasifika, tsarin ya buɗe daidai yadda na saba gani. Na ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Bayan la'asar mata suka cika tsakar gida, ƴan Kornaka a gaba, an ɗaura gyale a ƙugu. Na yi bisimilla na kai yatsa wurin uwa. Shiru. Na sake, shiru. Ƙananan suna amsawa, uwa babu, kuma kiɗan ƙwarya in babu uwa kamar ana kwankwasa ƙofa ne. Na ce bari in rufe da tafi, na taɓa hagu, sai guɗar ƙawata ta fashe a baful, alhali ga ta tsaye bakinta rufe, riƙe da tulu. Na rikice na sake taɓawa, ta sake guɗa. Tsakar gida ta ɗauki dariya. Wata tsohuwa cikin dangin miji ta ce, "Baiwar Allah, in guɗa muka zo ji da mun taho da tamu daga gida." Ban ga laifinta ba. Na dubi ƙawata, ta sunkuyar da kai, wasu mata har sun fara kwance gyale.

Zufa ta karyo mini. Na ji kamar in tashi in tsallake katanga in shige ɗaki. Amma na ce a raina sautin nan ni na ji an zuba shi, yana ciki, wuri kawai ya sake. Na ce a rage baful, na rufe ido, na bi maɓallan ɗaya ɗaya ina saurare, kamar mai neman kazarta a gidan maƙwabta. Tafi na same shi a layin sama, sun yi musanya da guɗa. Uwa ta fi wuya. Na bi layin tsakiya babu, na sauko na ƙasa, ina ta taɓawa, sai na ji ta, dim, har cikin ƙirjina. Na ce wa ƙawata, "Ƙawa, aje tulun nan, uwa ta dawo."

Na fara da kiɗa mai nauyi, a hankali, irin wanda tsofaffi ke takawa, don yatsata ta saba da sabon wurin. Ta zame mini nan da can, na lulluɓe da ƙananan, ba wadda ta lura. Da na ji hannu ya zauna sai na ƙara wuta. Tsohuwar nan da ta yi mini ba'a ita ta fara shiga fili. Da ta juya ta durƙusa na sakar mata guɗar, wannan karon da gangan, ƙawata kuma ta ɗora tata ta gaske a kai. Ba a tashi ba sai da aka kira magariba, kuma kafin su hau mota ƴan Kornaka sun roƙe ni in je musu biki bayan girbi.

Da ƙanwata ta ji, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta fahimtar da ni. Ordinatar da muke samu a nan jerin haruffanta na Faransanci ne, wadda ake sayowa Najeriya kuwa na Ingilishi, wasu haruffan ba wuri ɗaya suke zaune ba. Tun da na ce a ɗaure sauti ga harafi, da harafin ya ƙaura sai sautin ya bi shi. Abin da ta tambaye ni ke nan tun farko. Yanzu ta ɗaure su ga gurbi, ko wace ordinatar aka kawo, uwa tana damana.

Na fita kunya, na gode Allah, amma da kaina na jawo wa kaina wannan zufar, kuma saura kaɗan in zubar da mutuncin matar da ta tsaya mini. Masu haɗa irin wannan abu, ku tuna garinmu kayan ƙasa biyu ke shigowa cikinsa, kuma mai kiɗa da hannu yake tunawa, ba ya duban rubutu. Mu kuma da ake yi dominmu, in an tambaye mu abin da ba mu gane ba, mu buɗe baki mu ce a sake bayani. Ke da kike karanta wannan, ko kai, wace tambaya ce aka yi muku kwanan nan kuka gyaɗa kai alhali ba ku gane ba?