Tela da Tsohon Awon Matarsa

Shekara talatin da ɗaya Baba Tela ya yi a shago guda, wani ɗaki mai taga ɗaya a bakin titi, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da sabulu. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne, baƙi, fentin duk ya goge a inda yake dafawa. Yana da tef ɗin awo, amma kowa ya san ado ne, domin Baba Tela ba ya auna mutum. Dubansa kawai yake yi.

Abin ya samo asali tun yana saurayi. Kunya gare shi ba kaɗan ba, ga shi yana cikin mawaƙan coci, sai ya ga ba zai iya zagaya ƙugun matar mutane da tef ba. Shi ne ya koya wa idonsa aikin. Mace za ta shigo da yadi, ya ce ta ajiye a tebur, ya ce don Allah ta miƙo masa almakashi daga can. Kafin ta juyo ya gama da kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu. Ranar karɓa ta saka, riga ta zauna ɗas. Tun yana sunkuyar da kai in an yabe shi, har ya kai ga in an manta ba a yaba ba, ya tuna wa mutane da kansa. Mutumin kirki ne, ba ya ƙarya sai irin ta teloli, wato "zo gobe", har aka naɗa shi dattijo a ikilisiya. Amma a kan idon nan nasa kam, cika bakinsa ya fi ƙarfin shekarunsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ita ce ke shan wahalar wannan suna. Kowace Kirsimeti rigarta ce ta ƙarshe. Sai ya sallami matar kowa, sannan da asubahin ranar ya yanka yadinta, ya ɗinka, ya goge, ya kai mata gida ya wuce coci, domin shi ke buɗe ƙofa, kuma shi ke karatun farko. Bai taɓa kiranta ta gwada ba. Awonta yana kansa tun ranar aure, in ji shi, ya ƙara inci huɗu bayan haihuwar auta, shi ke nan magana ta ƙare.

Shekarar da ake ba da labarinta ta zo da tsanani. Kaya sun yi tsada, yaransu biyu da ke aiki a nesa suka aiko cewa bana ba za su iya zuwa ba. Mutane suka rage sayen sabon yadi, sai tsofaffin riguna ake kawowa a buɗa, a rage, a sauya wuya, aikin da ya fi ɗinkin sabo cin rai. Baba Tela ya ji tsoron watan Janairu, watan da keke ke yin shiru, saboda haka duk wanda ya miƙo masa ƙyalle sai ya karɓa. Kaya suka taru har suka rufe rabin tagar. Wuta ba ta zama, sai dutsen guga na gawayi, hayaƙi na shiga masa ido. Ya daina addu'ar safe tare da Mama, ya ce yana yin tasa a hanya. Da rana takan kawo masa abinci a kwano ta ajiye a kan benci, ya ce "sannu" idonsa na kan allura.

Saura kwana huɗu Kirsimeti, ta shigo da kwanon da kuma yadinta, shuɗi mai ƙananan furanni. Shagon cike yake. Matar Fasto na zaune tana jiran rigunan jikokinta, wasu mata biyu na tsaye suna mita.

"Baban yara," Mama ta ce a hankali, "bana ka auna ni mana."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya ɗaga kai. Amma akwai masu kallo, kuma shi mutum ne da ba ya barin masu kallo su tafi hannu rabbana.

"Ku ji mini Mama!" ya ce, da fil biyu a gefen baki. "Matar da na ɗinka wa rigar aure! Ko a duhu aka ba ni almakashi, ai na yanka miki. Ajiye can."

Matan biyu suka yi dariya. Matar Fasto ba ta yi ba, amma shi bai lura ba.

"Na koma asibitin nan jiya," Mama ta ce. "Likita ya ce…"

Daidai nan zare ya tsinke. Ya yi tsaki, ya sunkuya yana neman bakinsa, ɗaya daga cikin matan kuma ta fara faɗa a kan zif ɗin da aka saka mata ba kalar da ta ce ba.

"To, Allah ya sawwaƙe," ya ce. "Ki sha maganin, kar ki yi wasa."

Ta ɗauki kwanon jiya ta fita.

Da asubahin Kirsimeti ya shimfiɗa shuɗin yadin, ya ja alli ba ko tunani, almakashi ya bi. Kafin rana ta fito riga ta haɗu, kuma gaskiya ɗinkin ya yi kyau, layi ɗaya bai karkace ba. Ya kai gida ya rataye a ƙofar ɗaki, ya ɗaga murya ya ce ga riga nan, Mama ta amsa daga bayan gida. Ya saka kwat ɗinsa ya tafi, yana jin daɗin cewa bana ma bai ba kowa kunya ba.

Coci ya cika maƙil. Daga inda dattawa ke zama yana hango ɗinkinsa ko'ina, yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya kamar manomi a gonarsa. Da lokaci ya yi ya hau gaba, ya buɗe Littafi Mai Tsarki a wurin da mala'iku suka zo wa makiyaya da albishirin salama. Shekara goma sha biyu yana karanta wurin nan, har ya san inda zai ja numfashi ya ɗaga kai ya dubi jama'a.

Ya ɗaga kai, ya ga shuɗin yadin a layi na uku.

Ɗinkin kafaɗa ya sauko har tsakiyar damtse. Wuyan rigar ya buɗe, ƙasusuwan wuya a waje. An tattare ƙugun ta gefe an soke da fil. Abin kunyar shi ne, tunanin da ya fara zo masa na tela ne: wa ya lalata mini ɗinki? Sai da ya gama wannan tunanin sannan idonsa, idon nan da ake zuwa gani daga wasu unguwanni, ya yi aikinsa a kan matarsa. Rigar ba ta da laifi. Daidai take da matar da ya yanka wa, sai dai wannan matar ba ita ce zaune a ciki ba. Wannan ta rame, wuyan hannunta kamar na yarinya, fuskarta ta faɗa.

Ya mayar da ido kan littafin, layin ya ɓace masa. Ya karanta aya ɗaya sau biyu. Da ya iso kan kalmar salama sai muryarsa ta ƙi fita, cocin ya yi tsit har ana jin kukan wani jariri daga baya. Da ƙyar ya kai ƙarshe. Ya koma wurinsa ya zauna, gumi ya jiƙa masa wuyan kwat, bai ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba.

Da aka tashi, a bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Matar Fasto. Ita ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Baba, barka da Kirsimeti. Yau ido ya tafi hutu ke nan?" Sai ta ga fuskarsa, ta sauke murya. "Wai da gaske ba ka sani ba? Wata uku ke nan muna raka ta asibiti bi da bi, ni da matan ƙungiyar coci. Ciwon suga ne. Mu duk mun ɗauka ka sani, aiki ne ya riƙe ka."

Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Wato mata sun zauna sun raba ranakun raka matarsa, har sun nema masa uzuri, shi kuwa yana can yana ba su dariya da fil a baki. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bai tsaya gaisuwar dattawa ba. Ya ratsa ta cikin mata, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya gaban Mama.

"Zo mu je," ya ce.

"Gida?"

"Shago."

Titin babu kowa, duk shaguna a rufe. Ya buɗe ƙofa, ƙyallaye a warwatse a ƙasa, tokar dutsen guga ta huce. Ya janyo mata benci. Sai da ya ɗaga tarin kaya biyu kafin ya samo tef ɗin, ya kaɗe shi, ya tsaya riƙe da shi kamar sabon shiga.

"Tashi in auna ki."

Ta miƙe, ta cire fil ɗin, ta ɗaga hannuwa. Ya zagaya tef a ƙugunta. Ya duba, ya sake dubawa. Inci shida. Mutum ba ya zubar da inci shida a kwana ɗaya; a gabansa suka zube, kullum da rana, tana ajiye masa kwano. Ya zauna a kujerar keke.

"Me ya sa kika saka ta?" ya ce, bai iya dubanta ba. "Kina da wasu. Kin fita a haka cikin mutane…"

"Ina da wasu. Har na rage ta bara da hannuna, tana nan a goge." Ta koma ta zauna. "Da safe na saka wannan na tsaya gaban madubi, na cire, na sake sakawa. Ni ma kunyar na ji, kar ka ɗauka ban ji ba. Amma na faɗa maka da baki sau uku, keke ya fi ni murya. Sai na ce, mutumin nan ko bai dube ni ba, zai dubi ɗinkinsa."

Nan Baba Tela ya fashe da kuka, dattijon ikilisiya guda, da kwat da komai. Ya ce shi bai cancanci hawa gaban jama'a ba. Ya ce yanzun nan zai je ya faɗa wa Fasto a sauke shi, ya ce zai fasa keken, ya ce abubuwa da yawa. Mama ta bar shi har ya gaji.

"In ka fasa keken me za mu ci?" ta ce. "Kai dai komai naka sai an yi da 'yan kallo. Ba Fasto ka yi wa laifi ba."

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Tun a coci na yafe, da na ga ka karanta aya ɗaya sau biyu." Ta miƙa masa hannu. "Kawo, mu yi addu'a. Rabonmu da yi tare tun watan jiya."

Ya buɗe baki, shi da ya saba jan addu'a har ƙafafun mutane su yi sanyi, bai sami ko kalma ba. Ita ta yi. Gajeriya ce. Ta gode wa Ubangiji da ya zo duniya a jiki irin namu mai ramewa da gajiya, ta roƙa wa yara, ta ce, "Ga bawanka nan, ya ji kunya, kar ka bar shi da ita." Suka ce amin.

Kunyar ba ta tafi ba, kuma ya san gobe ma in ya ga matan nan zai sunkuyar da kai. Amma abin nan da ya yi wata guda yana matse masa ƙirji, tsoron Janairu da tarin kaya da sunan da yake karewa, ya ji ya sake shi. Babu sauran abin karewa, an riga an gan shi yadda yake, Allah ya gani, Mama ta gani, kuma ga hannunta har yanzu a cikin nasa. Salamar da ta maƙale masa a wuya a gaban jama'a, a nan ya same ta, a shago mai ƙaurin gawayi.

Ya ba ta wani zane ta ɗaura, ya karɓi rigar, ya ɗauki reza ya fara farke ɗinkin gefe a hankali. Ita kuma ta shiga ba shi labarin ciwon tun daga farko: ƙishirwa, jiri, abin da aka hana ta ci, allurar da take tsoro. Duk inda ta fara sabuwar magana sai ya ajiye rezar ya dube ta har ta gama.

"Yaushe za ki koma wajen likitan?"

"Laraba. Matar Fasto ce da layin raka ni."

"Ki ce mata ta huta."

"Laraba fa, Baban yara. Akwai masu kayan sabuwar shekara."

"Su zo su ga kwaɗo a ƙofa," ya ce, ya ci gaba da farkewa.