Zangon Masu Cewa Lafiya Lau

Wanda bai yi hunturu a Riyadh ba yana zaton zafi kaɗai garin nan ya iya. Sanyinsa kuwa har ƙashi yake shiga. A irin wannan lokacin ne Iya, mahaifiyar babanmu, ta zo mana ziyara a gidanmu na unguwar Al-Oud. Ta dubi hitar lantarkin da muke taƙama da ita, ta ce ita ba ta jin ɗumin wutar da ba ta da toka. Dole Baba ya sayo gawayi da kasko. Kullum bayan Magariba sai mu hau saman bene, ta hura wuta, ta zuba gyaɗa a gefen garwashi, ni da ƙannena biyu mu kewaye ta. Mu haihuwar nan ne, Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu kuwa sai ka tausaya mata. Iya ta ce mu Larabawan bogi ne, kuma da tatsuniya za ta yi mana magani.

Shekarar ba ta yi wa Baba daɗi ba. Direba ne, a ƙofar gida motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, take kwana, ga ɓarayi sun addabi layinmu. Ba sa fasa gida. Sallar Isha'i suke jira, lokacin da kantuna suka rufe, maza suka shige masallaci, sai su kwance batirin mota ko su ɗauke tukunyar gas. Sau biyu aka yi wa motar Baba. Kafilin ya ce idan aka sake, Baba ya tattara iyalinsa ya koma gida Najeriya. Ta bayan labule na ji wannan maganar, na kuwa tsorata, domin ban san wani gari ba sai wannan.

Abin haushin, kullum bayan La'asar motar 'yan sanda tana ratsa layin. Jami'in yakan sauke gilashi ya tambayi mazan da ke zaune a ƙofar masallaci ko akwai matsala, su kuwa su haɗa baki su ce, "Mafi mushkila, alhamdulillah," wato babu matsala. Bahaushe dai ko a gadon asibiti ka gaishe shi lafiya lau zai ce, amma a nan akwai wani dalilin. Kawu Iliya tela, mai haya a ɗakin saman benenmu, kafilinsa ya rasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, ya rasa mai sabunta masa. Kowa ya san in hukuma ta shigo layi bincike, takardar kowa za a duba. Shi yake ɗinka wa yaran layin kayan salla tun muna goye. Babu wanda ya yarda ya zama sanadin tafiyarsa, har Baba da abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Wata yamma sanyi ya tsananta, Kawu Iliya ya jawo kujerarsa kusa da kaskonmu yana ɗinka maɓalli, Baba ma ya hawo ya tsuguna yana gasa hannu. Iya ta gyara mayafi ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna."

Wasu baƙi ne, in ji ta, suka sauka a gefen wani gari, aka ba su wuri, suka kafa bukkoki da garken awaki. Garin yana da maharbi wanda bakansa ya fi shi tsawo. Kowace yamma yakan ratsa zangonsu ya tambaye su ko lafiya, su ce lafiya lau. Alhali kura ta gano su, kullum sai ta ɗauke akuya. Ba ta ma yin nisa. A bayan danga take kwanciya ta saurari gaisuwar, in ta ji an ce lafiya lau sai ta lashe baki ta ce yau ma sun ba ta izini. Iya ta yi muryar kurar ƙasa-ƙasa, har autanmu ya cusa kai cikin zanenta.

Na tambaye ta me ya hana su faɗa. Ta ce, "Bakan suke tsoro, 'yar nan. Gani suke in ya ɗana kibiya, ba zai bambance su da kurar ba."

Awaki suka ƙare, kura ta fara shinshina ƙofar bukkokin da jarirai suke. Da maharbi ya zo ya yi tambayarsa, sai wata tsohuwa ta miƙe ta ce ba lafiya. Iya ta ce tun da aka kafa duniya ba a taɓa amsa gaisuwa haka ba. Tsuntsaye suka daina kuka, hayaƙin murhu ya tsaya cak a sama. Har yau ina tuna yadda na ɗaga kai ina duban namu hayaƙin ko shi ma ya tsaya. Maharbin ya jingine bakansa ya zauna a ƙasa, ya ce shi idonsa biyu ne rak, nasu kuwa ba su ƙirguwa, don haka su ba shi ido, shi ya ba su baka. Daga ranar kowace bukka ta bar mutum ɗaya yana kallo. Kura tana fitowa aka yi ta miƙa labarinta daga danga zuwa danga har ya kai kunnen maharbi, ba ta ƙara ɗanɗana ko kunnen akuya ba.

Mu yara muka yi ta murna. Baba kuwa yana ta tona garwashi. Kawu Iliya ne ya soke allurarsa a jikin riga ya ce, "Iya, ita tsohuwar fa, me ya same ta?" Iya ta ce tatsuniyar ba ta faɗa ba. Sai aka kira Isha'i.

Washegari ina kwashe shanya a saman bene na hango motar 'yan sanda ta tsaya. Kafin maza su buɗe baki, Kawu Iliya ya fito daga cikinsu sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Na ga Baba ya kama hannun rigar, shi kuwa ya zame a hankali, ya miƙa matacciyar iƙamarsa ta tagar motar. Ban ji abin da ya ce ba. Daga baya Umma ta gaya mini ya ce takardarsa ta mutu, ya shirya komawa gida, sannan akwai matsala a layin nan, mutanen nan kuma sun ga abubuwa da yawa. Jami'in ya kashe mota ya fito. Ban taɓa ganin girman mutum irin na ranar ba, ga shi Kawu Iliya ɗan firit ne.

Ashe kowa yana da abin faɗa. Mai kanti ya sha ganin wata farar a-kori-kura, wani ya ga inda take juyawa. Jami'in ya ba su lambar wayarsa. Aka tsara matan da ke fashin salla su riƙa leƙe daga saman benaye lokacin Isha'i, motar 'yan sanda kuma ta laɓe a bayan katangar maƙabarta. Ba a jima ba aka kama su da batir a hannu. Tsarin ya ɗore shekaru, Baba kuma ya riƙe aikinsa har na gama makaranta.

Kawu Iliya an ba shi lokaci ya kintsa, muka raka shi filin jirgi. Baba ya kasa haɗa ido da shi. Shi ne ma yake lallashin Baba, ya ce, "Kai yara uku gare ka a makaranta. Ni keken ɗinki ɗaya gare ni, keke kuwa yana shiga jirgi."

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne mutum ya buɗe baki ya faɗi gaskiya. Sai da na girma, na fara zama a taron maƙwabta da 'yan sanda a tawa unguwar, na gane buɗe bakin ba tsada ɗaya yake yi wa kowa ba. Yanzu in ana tsara tsaro, nakan duba in ga wa zai rasa wani abu don sauran su yi barci.

Da na je gida Najeriya gaida Iya, ta tsufa ƙwarai, na yaba mata hikimar da ta yi a wannan yamma. Maimakon ta yi dariya sai ta fara share hawaye da bakin mayafi. Ta ce, "Ubanki na yi wa tatsuniyar, don ya nemo dabara. Na manta Iliya ma yana da kunne." Har ta rasu ba ta sake yi wa kowa tatsuniyar nan ba.