Sandar Baba a ƙasar makiyayin da ya gagari Rumawa

Ana sallame sallar asuba muka bar gidanmu da ke unguwar Safa a Jidda, ni da Baba da sandarsa. Kamfanin tafiye-tafiyen da nake wa aiki a unguwar Bagdadiyya ne ya tura ni taro Lisbon ta ƙasar Fotugal, na ce bari in ja tsoho shi ma ya ga duniya. Shekara talatin yana kiwon tumaki a kasuwar dabbobin Jidda, bai san wata hanya ba sai ta Katsina.

Amma fa da wata a ƙasa. Saura mako biyu a je gaisuwar iyayen yarinyar da nake nema a unguwar Aziziyya, ni kuwa na riga na ce musu mahaifina ɗan kasuwa ne. Niyyata in lallaɓa shi a hanya, ranar ya bar sanda da zancen tumaki a gida.

Lisbon garin hawa da gangara ne, sai mai ƙwarin gwiwa. Kwana uku muna fama da kifin gishiri don gudun naman da ba mu san yankansa ba. Duk abin da aka faɗi kuɗinsa sai Baba ya auna shi da rago: abincin rana cinya ɗaya, ɗakin otal rago sukutum.

Da aka gama taro muka hau bas zuwa arewa, wani gari Viseu. Hanya sumul, duwatsu kore shar, ga garken tumaki da ƙararrawa a wuya. Baba ya manne da taga, na rasa bakin da zan fara maganar.

A garin, ja-goranmu ya tsayar da mu gaban wani mutum-mutumin tagulla. Ya ce wannan shi ne shugaban Lusitaniyawa, mutanen ƙasar na da can, wanda ya yi shekaru yana gasa wa Rumawa aya a hannu. Sai ya yi kamar ya gudu, su bi shi cikin duwatsu, ya juyo ya rufe su. Da ya gagare su a fili, sai suka haɗa baki da mutanensa uku aka kashe shi yana barci. Kafin duk wannan kuwa makiyayi ne.

Na fassara wa Baba.

"Ai da gani," in ji shi. "Wanda bai bi tumaki ba, ina ya san bayan dutse? Amma sun cuce shi. An ba shi garkuwa, ina sandarsa?" Ya gyara tsayuwa ya ɗaga tasa. "Yalla, maza ɗauke mu hoto."

Ina dariya, kunya na cin raina. Ƙasa guda na taƙama da makiyayinta, ni da tumaki suka kai ni makaranta ina ɓoye nawa.

Muka dawo Jidda, zafi ya yi mana maraba tun daga ƙofar jirgi. Washegari na buga wa yarinyar waya na gyara zancena, na ce mata Baba makiyayi ne, ta ce za ta faɗa a gida.

Ranar gaisuwa Baba ya sha babbar riga. Ina kallo ya jingine sandar a bayan ƙofa. Ashe tsoho ya daɗe da gane ni. Na ɗauko na miƙa masa da hannu biyu.

"Ka tabbata?"

"Baba, ai kai ka ce an cuci wancan."

Ya kwashe da dariya. "To halas, shi ke nan, mu je."

Ni na kai shi da 'yan rakiyarsa, na jira a mota har na gaji. Wai surukin nawa ne ya riƙe Baba, ya ce sai ya koya masa duba haƙorin ragon layya. Abin da na je Fotugal na koyo ke nan, alhali shekara da shekaru yana jingine a bayan ƙofarmu.